Minti Arba'in da Bakwai

A hawa na goma sha ɗaya, a Adelaide,
inda tagogi ba sa buɗuwa,
suka dire mini fayil mai shuɗin bango.
Glenys, ke ce babba, in ji su,
sa hannunki kaɗai ya rage.

Shekara talatin ina hawan wannan tsani.
Na iya zama a kan dogon teburi,
na iya cewa "za mu duba"
da muryar da ba ta bar wa kowa abin kamawa.
Tsofaffin da ke ƙarƙashin alƙalamina
na san adadinsu har da ɗoriya.
Ban san tarin ko ɗayansu ba.

Shafi na tara, layi na huɗu:
ɗaki na ashirin da shida ya danna ƙararrawa,
ba a zo ba sai bayan minti arba'in da bakwai.
Lauya ya ce a rufe gidan.
Akanta ya ce, a rufe a kai su ina?
Ofishin minista ya bugo sau biyu,
suka yi shiru, da ƙarfi.

Na ɗauki makullin mota.
Hanyar Port Pirie, an girbe alkama,
gonaki kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo.
Dogon bututun masana'anta ya riga garin
fitowa tarye na.

Ƙarfe ɗayan dare. Ƙanshin sabulu, warin miyar jiya.
Luzviminda ita kaɗai, gado arba'in,
takalminta na dama ya buɗe baki.
Ba ta tsaya karanta katin wuyana ba.
Riƙe nan, ta ce, ta miƙo mini tasa.

Ashe ɗaki na ashirin da shida yana da suna.
Corrado De Gioia, masunci,
tamanin da tara, jijiyoyin hannu kamar igiyar jirgi.
Na ce, baba, ran nan me kake so
da ka kira ba a zo ba?
Ya daɗe yana kallon rufi.
Bargo ne ya zame, in ji shi.
Ga shi a ƙasa ina gani, taƙi ɗaya da yatsuna.
Ni da nake jan koma cike da ƙaguwa, ni kaɗai...
Bai ƙarasa ba.

Na ce, in aka mai da kai wani gida a birni,
mai ma'aikata da yawa fa?
Ya nuna taga da haɓa.
Assunta tana kwance bayan waɗancan itatuwa.
Ran Lahadi ana tura ni in gaishe ta.
Je ki tambaye ta. In ta yarda, mu tafi.

Sai wata ƙararrawa, can ƙarshen baranda.
Luzviminda na tsakiyar wanke wata tsohuwa.
Na duba hagu, na duba dama,
ina neman wanda zan ba umarni.
Babu kowa.
Na tafi.

Da asuba, a mota, na ɗora fayil kan sitiyari.
Ba za a rufe ba.
Mutum uku kowane dare, kafin Juma'a,
in ba haka ba masu gida su miƙo lasisi.
Zan dawo, ba sallama.
Lauya zai ce na yi sanyi,
masu gida su ce na cika zafi.
In wani ya faɗi a banɗaki wata mai zuwa,
ba kwamiti za a kira ba. Petrakis za a kira.
Wanda ya ɗauki tulu, shi ruwa ke jiƙawa.

Na sa hannu. A bayan hannun
ga ɗigo biyu ruwan ƙasa, bara babu su.

Kafin in tayar da mota na cire agogo,
na ajiye shi a gabana, na naɗe hannu,
na ce bari in ɗanɗana abin da na karanta.
Ba rediyo, ba waya. Sanyi na hawa ƙafa.

A minti na goma sha ɗaya na kasa.